Keziya da Umarnin da Kano Ta Ƙi Karɓa

Keziya Bulus ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Daga Kafanchan aka turo ta Gumel a 1992, tana buga tafireta a wani ofishin aikin gona. Sau biyu tana neman canji, ba a ba ta ba.

A daminar 1998 aka kawo kwamfuta, aka haɗa ta da layin tarho. Aikin Keziya shi ne ta tura awon ruwan saman Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar zuwa wata babbar kwamfuta a Kano, sannan ta aika mata umarni ta fitar da rahoton mako. Da shi malaman gona ke gaya wa manoma su yi shuka ko su dakata.

Awo ya tafi, umarni ya ƙi. Amsa ɗaya ke dawowa: ba a san wannan umarni ba.

"Malama Keziya, ko harafi kika tsallake?" in ji Malam Ilu, shugaban ofis.

"Ranka ya daɗe, sau goma sha ɗaya na buga."

Ta kira Ephraim, mai kula da kwamfutar Kano. Ya ce a gabansa lafiya lau. Kwana uku tana kai-kawo tsakanin tebur da taga, abinci ma a tsaye. Can a littafin na'urar ta karanta cewa kwamfuta ba ko'ina take neman umarni ba, tana da jerin wuraren da take dubawa. Ta sa ta Kano ta nuna mata jerin. Wuri biyu kacal.

Ran Alhamis ta hau motar Kano ba ta sallami kowa ba.

"Ephraim, nuna min naka jerin."

Biyar ne, umarnin rahoto yana na biyar. Ephraim ya dafe kai. Ashe in mutum ya zauna gaban kwamfutar ya shiga da sunansa, takan karanta cikakken jeri. Saƙon nesa kuwa, guntun take ba shi.

"To in rubuta mata cikakken adireshin umarnin mana," in ji Keziya.

Washegari a Gumel ta yi hakan, rahoto ya fito: Gagarawa a yi shuka, Sule Tankarkar a ƙara mako guda.

Malam Ilu ya ce ta buga wa kanta takardar gargaɗi kan tafiya ba izini. Ta buga. Ya karanta, ya ninke ta huɗu, ya sa a aljihu bai sa hannu ba.