'Yar'azumi da Sunan Ɗan Fari

A ƙauyukan bakin kogin Haɗeja, tun kafin zuwan Bature, babu wanda bai san 'Yar'azumi mai saƙar tabarma ba. Hannunta na kan kaba, bakinta na kan mutane. Ko akuya ce ta gifta sai ta tambaye ta mutanen gida. Suna ɗaya ne bai taɓa fita daga bakin nan ba, na ɗanta Umara masunci. Ɗan fari ne, don haka shekara arba'in "kai wannan" take ce masa.

Shekarar da agana ta shigo, ana binne mutum uku kafin azahar, Umara ya kai tsohuwar wani tudu da ruwa ya kewaye, ya kafa mata bukka. Dattawan ƙauyensu sun ce ciwon nan murya yake bi, wanda ka yi wa magana ka kai masa. Shi ya sa kullum da hantsi yakan kifa ciki a kan ƙaton goran masunta ya haye, ya ajiye tuwo da busasshen kifi a gaɓa, ya juya, bakinsa gum.

Takan fito da sauri tana ɗaga murya. "Kai wannan, wa ya rasu? Ramatu maƙwabciyata ta haihu?"

Ba ya amsawa. Yana ganin ceton rai yake yi, bawan Allah.

A mako na uku ta biyo shi har ruwa ya kai mata gwiwa, ta ajiye kunyar shekara arba'in ta ce, "Umara! Umara, ka ce mini wani abu." Ya ji ta sarai. Ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da tura ruwa.

Bayan wata biyu ciwo ya lafa, ya je ɗauko ta yana murna. Jikinta sumul, ko ƙurji ɗaya babu. Amma ta shimfiɗa sababbin tabarmi kewaye da bukkar, kowace da mai ita a ganinta, alhali babu kowa a kai, tana bin su ɗaya bayan ɗaya tana hira. Ta dube shi kamar baƙon da ya ɓata hanya.

Ta ƙara shekara huɗu a gidansa. Mutane suna yaba masa, wai ya tsirar da uwarsa, yabon kuwa ya fi zagi yi masa ciwo. Ya rage fita kamun kifi, yana zama gefenta yana tsaga mata kaba, yana zuba mata labarin duk wanda ya rasu da wanda ya haihu.

Wata rana ya kasa daurewa ya ce, "Inna, ni ne fa. Umara ne."

Ta yi murmushi, ba ta ɗaga kai daga saƙa ba.

"Allah Sarki, sunan ɗana gare ka. Shi agana ta tafi da shi, malam. Na kira shi a bakin ruwa. Da yana da rai, da ya amsa."