Bangon da Aka Hana Mu Yaɓewa

Wata Laraba ce cikin bazara, ina aji huɗu a firamare, na dawo daga makaranta na tarar da wani baƙo bisa tsani yana shafa wa bayan ɗakinmu farin fenti. A ɗakin nan nake kwana tare da kakata Iya, kuma bayansa ne ke kallon hanyar motar da ta nufi Faskari. Alhaji Sale, shugaban masu neman sabuwar jiha a yankinmu, yana tsaye gindin darbejiya yana ba da umarni. Baba kuwa sai washe baki yake kamar an naɗa shi sarauta.

Kafin mako ya zagayo bangon ya zama abin kallo. Mai zanen ya fitar da taswirar jihar da muke nema, koriya shar, ga damin dawa, ga auduga, ga wata tsohuwa tana dangwala yatsa kusa da akwatin zaɓe. An ce in jihar ta samu, za mu tura namu sanatocin su yi magana da bakinmu. Direbobi kan rage gudu su duba. Ni dai kaina ya kumbura. A dandalin gaɗa ba wadda ta isa ta ja da ni, har rantsuwa nake cewa tsohuwar jikin bango Iya ce.

To amma bangon ƙasa ba ya daɗewa sai da yaɓe. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, mu 'yan mata mu jido ruwa daga kududdufi, yayyena maza su kwaɓa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa suna tattakawa, Baba ya bi bango da hannu yana shafewa, sannan a bi da makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorowa, don kada ruwa ya ci shi. A shekarar an yaɓe ko'ina, har akurkin kaji, ban da bayan ɗakinmu. Alhaji Sale ya ce manyan baƙi na tafe daga Abuja su ga ko da gaske jama'a ke son jihar, ta hanyarmu za su bi, kada a taɓa zanen. Iya ta ce da Baba, "Malam, hwentin ga ba ya tare ruwa hwa. Ku yaɓe mani ɗakina." Ya ce ta yi haƙuri baƙin su wuce tukuna. Nauyin Alhaji yake ji, kuma tsakani da Allah ya yarda jihar na zuwa.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noman fari, baƙi shiru. Daga waje zane na ƙyalli, daga ciki bango na tsattsafo, in tashi da safe in ji tabarmata da danshi. Cikin marka, wata la'asar muna gona, bangon ya rufta ciki. Iya na kwance tana fama da zazzaɓi. An zaƙulo ta da rai, amma ƙugunta ya karye, ba ta sake taka ƙasa ba har Allah ya karɓi abinsa bayan girbi.

Alhaji Sale ya zo jaje da goronsa. Da kunnena na ji yana ce wa Baba, "Allah ya taimaka ma, mun riga mun ɗauki hoton zanen." Har yau in na tuna maganar nan sai zuciyata ta tafasa. Baƙin kuwa, an ce a birni suka tsaya, suka ci abinci suka juya.

Yanzu ina zaune Ƙanƙara cikin gidan haya na bulo, 'ya'yana ba su ma san makuba ba. Ƙauyenmu ya watse saboda 'yan bindiga, ko akwatin zaɓe an daina kaiwa can. Jiha ba ta zo ba, amma duk kakar siyasa sai masu fenti su dawo suna cigiyar bango mai kallon titi. Ba na ƙin a nema, don yau muka fi bukatar wanda zai tsaya mana. Kewar tsakar gidan nan dai nake, da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ranar yaɓe. Baba bai sake ta da ɗakin ba, kuma har ya rasu, in zai tafi masallaci sai ya zaga ta wani lungu don kada ya ga wurin. Ni na yafe masa tuntuni, shi ne bai yafe wa kansa ba.