Jirgin da Ikrama ya ƙi saya

Ikrama mutumin Maraɗi ne, kuma duk wanda ya zauna da shi a Fort Washington ta ƙasar Amurka ya san yana da hannu, ya kuma san yana da zuciya. Shekara goma sha takwas ya yi yana gyaran ƙananan jiragen ruwa a bakin kogin Potomac, irin waɗanda ake yi da faiba, wato zaren gilashi, da gam. In jirgi ya tsage, shi ake kira. In kuwa ya tarar wani ya yi aikin ha'inci ya rufe da fenti, ranar har mai gadin ƙofa sai ya ji muryarsa.

Yana da shekara arba'in da shida ya shiga koyon tuƙin jirgin sama. Duk Asabar sai ya ɗauki mota ya tafi wani ƙaramin filin jirgi a Manassas, inda wata mata mai suna Olive take koya masa. A can ya fara ganin wani jirgi kamar an haɗa shi a baibai: ɗan ƙaramin fiffike a hanci, manyan fikafikai a baya, farfela ma a baya take tana turo shi. Olive ta ce masa ba kamfani ke yin irinsa ba. Mutum ne zai sayi zanen, ya zauna a garejinsa ya ƙera da soso mai tauri da faiba.

"Soso da faiba?" in ji Ikrama. "To ai aikina ne."

Hanya biyu ce a gabansa. Ko ya ƙera da kansa, ya shafe shekara shida ko bakwai, ko ya sayi wanda wani ya riga ya gama. Matarsa Safara'u, wadda ke aikin jinya a Largo, ba ta ɓoye nata ra'ayin ba. "Baban Hamida, in dai ya zama dole, ka saya. Ba zan yi shekara bakwai ina shaƙar ƙura a gidana ba." Abokinsa Maitama ma, Bakano mai kantin magani wanda ya riga shi samun lasisin tuƙin jirgi, haka ya ce. Har ya gano wani da ake sayarwa, ya ce su haɗa su saya tare.

Ranar da suka je gani, jirgin na cikin rumfa fari fat, sai sheƙi yake. Wanda ya ƙera shi ya rasu da tsufa, magada suka ba wani dillali Bature. Dillalin ya dubi rigar Maitama, ya dubi faratan Ikrama da gam ya ɓata, sai ya juya wa Ikrama baya ya ci gaba da yi wa Maitama bayani. Hancin Ikrama kuwa ya jiyo warin sabon fenti. Ya zaro sulalla daga aljihu ya fara ƙwanƙwasa fiffiken dama a hankali, kamar yadda yake yi wa jirgin ruwa. Ƙarar na fita tsaf, har ya zo kusa da inda fiffiken ya haɗu da jikin jirgin. Nan sai ta mutu. Wuri ne mai faɗin faranti, faiba ta rabu da soson da ke ciki.

"Malam, ba a taɓawa," in ji dillalin.

"Wa ya yi fenti a nan?"

"An ɗan gyara shi ne don ya yi kyau."

Maitama ya matso ya yi ƙasa da murya, da Hausa. "Haba Ikrama, kada ka ba mu kunya. Na riga na ce masa mun saya."

Ikrama ya juyo ya dube shi. "Kun saya, kai da wa? Ni ka tambaye ni? Maitama, iyalina zan sa a kujerar baya. In wannan wurin ya ɓare muna sama, kunyar taka ce za ta riƙe mu?"

Sai ya ciro jan alƙalamin da yake sa alama da shi a wurin aiki, ya zana ƙaton da'ira a kan farin fentin, ya rubuta kwanan wata a ciki. Dillalin ya hau ihu zai kira 'yan sanda. Ikrama ya ce ya kira, yana nan tsaye, ya ma fi so su zo su gani. Ba a kira kowa ba. A mota ɗaya suka koma shi da Maitama.

Ikrama ya gaya wa Olive, ita kuma ta sa wani ƙwararren mai duba jirage ya je. Aka tarar jirgin ya daɗe a rana, ɓarnar ta fi inda Ikrama ya zagaye. Magadan suka janye shi daga kasuwa. Ikrama ya jira Maitama ya kira shi, bai kira ba. Abin da ya dawo masa daga bakin mutane shi ne wai Maitama na cewa ya wulaƙanta shi a gaban Bature.

A wannan satin Ikrama ya aika aka kawo masa zanen jirgin. Safara'u ta kwana uku ba ta yi masa magana ba sai gaisuwa. Ya fitar da motarta daga gareji, ya kafa dogon tebur, ya fara da ɗan fiffiken gaba. Wata huɗu yana yankan soso, yana shimfiɗa faiba, yana goga da samfefa. Da ya gama ya auna, sai ya ga gefen hagu ya ɗan murɗe. Kaɗan ne ƙwarai, wani ma cewa zai yi ya wuce. Ya sake aunawa sau biyu, ya ɗauko zarto ya raba shi gida biyu.

Safara'u ta jiyo ƙarar ta fito. Ta dubi gutsattsarin a ƙasa, ta dube shi yana huci, ƙura ta yi masa fari har gira. "To yau kuma kai da wa?"

"Ni da kaina," in ji shi. Ta koma ciki ta kawo masa ruwa, ta ajiye a bakin tebur da ƙarfi.

Bana shekara huɗu ke nan. Ikrama ya sami lasisinsa da jirgin haya. Jikin nasa jirgin ya haɗu, fiffike ɗaya ya ƙeru, inji kuwa ko alamarsa babu. Maitama ya sayi jirgi ƙirar kamfani shi kaɗai, kuma in sun haɗu a masallacin Juma'a su yi musabaha kowa ya kama gabansa. Hamida, babbar 'yarsu, ta gama sakandare ta tafi jami'a. Motar Safara'u har yanzu a bakin titi take kwana, kuma duk safiyar da ƙanƙara ta zuba, Ikrama ne ke fita ya kankare mata gilashi, yana yi yana mita.