Ambulan ɗin da Na Ɓoye wa Babana

Ranar Litinin ta farko bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu, muna wasan ampe, na tsalle da tafi, a bayan ajinmu a unguwar Maamobi, sai ƙawata Rukayya ta daina tafi, ta ce a gidansu ta ji wai babana ba ɗan Gana ba ne, kuma da an tabbatar za a kawo mota a kwashe mu zuwa Nijar. Ban ƙarasa wasan ba.

Babana, Lauya Bashiru, yana da ofis ɗaki ɗaya a saman wani shagon tela a Adabraka. Amma a tsakar gidanmu na Nima ya fi aiki, don tun da safe za ka tarar da masu rigimar fili da matan da aka kama wa ’ya’ya a jere kan benci, mu kuma muna ratsa su da bokitin ruwa. Dattawan unguwa ne suka matsa masa ya nemi kujerar majalisa. Da ya amsa, sai wasu ’yan jam’iyyarsu suka kai ƙara cewa baƙo ne, aka sa masa Asabar ya zo da takardunsa gaban kwamiti. Ni kuwa da ma na sha jin kakata Hajiya Asabe, mahaifiyarsa, in muna tsintar wake, tana ba da labarin shekarar da aka kori baƙi, yadda maƙwabtansu suka bar tukwane a kan murhu suka hau manyan motoci. Takan ce, “Wasu ko sallama ba mu yi ba.”

Ranar Laraba ina sharar ɗakinta na ga wani tsohon ambulan a kan gado, wanda ta ciro wa Baba daga akwatinta. Na buɗe. Takardar da ke sama da Faransanci take, ga hoton marigayi kakana, ga kalma ɗaya da na iya karantawa: Dosso, garin nan na Nijar. Ban duba sauran ba. Na tabbata in kwamiti ya ga wannan mun kaɗe, sai na cusa ambulan ɗin a jakar makarantata.

Kwana biyu ina yawo da shi. Aka ɗaga katifu, aka zazzage akwatuna, har matan haya suka bar girki suka shiga nema. Hajiya ta daina cin abinci, tana ta cewa tsufa ne ya ci ta, ita ta jefa ɗanta cikin kunya. A Islamiyya malam ya tashe ni in kawo hadda, ko aya ɗaya ban tuna ba. Ranar Alhamis na tsaya a kan gadar babbar kwata da nufin jefa shi, har na zuge jaka, sai mai kokon layinmu ta hango ni ta ce in wuce gida.

Da aka sauko daga masallacin Juma’a, Baba ya zauna a benci bai ko cire hula ba, ya gaya wa Mma, mahaifiyata, cewa bayan la’asar zai je ya shaida wa dattawa ya janye. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba. Na ɗauko ambulan ɗin, na ajiye a cinyarsa, na faɗi dalilina ina kuka. Bai dake ni ba. Ya zaro takardun da ke ƙasa ya nuna mini: katin asibitin da aka haife shi a nan Ankara, babban birnin Gana, da shaidar cewa a Salaga ta nan Gana aka haifi Hajiya.

Ya ce, “Hajara, waɗannan su ake nema. Ta kakanki kuma da hannuna zan ɗora ta a teburinsu. Ban taɓa cewa ba daga Dosso ya zo ba.”

Hajiya tana bakin ƙofarta, ta ji komai. Ta daɗe tana kallona, sannan ta saki labule. Sai da aka yi mako kafin ta sake kirana tsintar wake, kuma daga nan ba ta ƙara ba da labarin korar baƙi a gabana ba.

Kwamiti ya wanke Baba, ya ci zaɓe, ya yi zango biyu a majalisa. A na uku ya faɗi, ya koma ofishinsa na Adabraka, inda har yanzu yake hawa matakalar a hankali yana dafa bango. Gidanmu kuwa an rushe shi an ɗora bene, kowa da ƙofarsa da makullinsa, ba wanda zai bar tukunya a wuta don abin maƙwabci ya ɓata. Hajiya ta rasu ina jami’a. Baba kam na ba shi haƙuri tun ranar da na mayar da ambulan ɗin, don a ganina shi kaɗai na yi wa laifi. Ita ban taɓa ba ta ba.