Mika'ilu Mai Fomatin

Duk wanda kwamfutarsa ta yi gardama, daga Birnin Kudu har Gwaram, shagon Mika'ilu ake nuna masa a bayan tasha. Mutumin Wurno ne, a Kano ya koyo gyara. Magani ɗaya ya riƙe, kuma yana ci: ya goge komai, ya zuba sabo, wato fomatin. Har sunan ya bi shi, Mai Fomatin.

Wata damina, sirrin wani asibitin kuɗi a Gwaram ya fita. Aka wayi gari ana tura sakamakon gwajin mutane a waya. Zargi ya faɗa kan Ummussalma, mai shigar da bayanan marasa lafiya. Ta yi rantsuwa har da kuka, ba wanda ya saurare ta.

Likitan ya kira Mika'ilu ya duba kwamfutar. Yana kunnawa ya ga bairos, cutar kwamfuta, ya yi dariya. Kafin la'asar ya wanke ta tas, ya zuba sabon komai.

Bayan kwana biyu wata ƙwararriya, Hajiya Mas'uda, ta zo daga Dutse yin bincike.

"Malam, ina kwafin faifan kwamfutar da ka ɗauka kafin ka taɓa ta?" ta tambayi Mika'ilu.

"Wane kwafi, Hajiya?"

Ta yi masa bayani a nutse. Kafin a taɓa kwamfutar da aka yi wa kutse, sai an kwafe faifanta gaba ɗaya, har da abin da aka share. A ciki ake ganin sawun wanda ya shiga, ko daga ɗakin ne, ko daga nesa.

"Irin wannan bairos ɗin yakan buɗe wa na waje ƙofa," in ji ta. "Wataƙila yarinyar nan ba ta da laifi. Amma shaidar ta tafi."

Ba ta yi masa faɗa ba. Shi kuwa ya kasa ɗaga kai.

Aka sallami Ummussalma. Mika'ilu ya roƙi likitan ya mayar da ita, likitan ya ce da wace hujja?

Ya rufe shago ya tafi Dutse koyon ɗaukar kwafi. Yanzu ba ya goge komai sai ya kwafe tukuna.

Ummussalma tana ɗinki a Gwaram. Bara ta kawo masa kwamfutar ƙanwarta.

"Kowa ya ce aikinka ba algus, Malam," ta ce.

Ya karɓa da hannu biyu, idonsa a ƙasa. Tana fita ya fara kwafe faifanta kafin ya taɓa komai.