Wandon Ninƙayar da Na Goge

In dai ba ƙasa ce ta rufe min ido ba, ba zan manta ranar da na ɗora dutsen guga a kan wandon ninƙaya ba. Shekara shida ke nan, har yau in na ga guga raina ɓaci yake.

Lokacin shekarata tara a gidan wani Balarabe a arewacin Riyad. Direba aka rubuta a iƙamata, wato katin zama, amma da maigidan, wanda shi ne kafil ɗina, mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, ya gane wanki da guga ne sana'ata tun a gida, sai ya daina kai jallabiyunsa shago. In wanke, in goge, in turara da turaren wuta, in rataye. Boko ban yi nisa ba, amma a guga ban san wanda ya fi ni ba.

Ɗansa na biyu ɗan ninƙaya ne, shekararsa sha tara. Ni nake kai shi kulob tun yana firamare, Ammi yake ce min, wato baffa. A shekarar aka sa gasar da za a zaɓi masu wakiltar ƙasa, uban ya sa aka kawo masa wando na musamman daga Turai. Ana gobe gasar na gan shi a jakarsa, bayan ya gwada shi a ruwa. Ɗan mitsitsi, baƙi, shara-shara kamar ledar burodi, duk ya yamutse, sai warin maganin ruwa yake. Na ce a raina, ɗan gidanmu ne zai tsaya gaban manya da wannan tsumman? Na jiƙa shi a ruwan zafi da omo, na cuɗe shi tas. Da ya bushe na rage wutar dutse, na shimfiɗa ƙyalle a kai, na bi shi a hankali, na turara, na mayar jaka. Da bagidaje ne ni da na ƙona shi, a gani tun a ranar, a nemo wani. Iyawata ce ta ɓoye ɓarnar.

Sai daga baya kocinsu ya yi min bayanin da ba wanda ya ga na isa a yi min tun farko. Wandon nan babu ɗinki ko ɗaya a jikinsa, da zafi aka manne shi, zafi kuma ke ɓalle shi. An shafe shi da wani sinadari da ke sa ruwa ya gangare kamar a ganyen gwaza, omo kuwa ya cinye shi. Matse naman cinya yake don kada ya yi rawa a ruwa, shi ya sa sai mutum ya yi kusan rabin awa yana kokawar sa shi. Ruwan sanyi kawai ake ɗauraye shi, a shanya a inuwa. Gasa kaɗan yake yi ya mutu. Kuɗinsa kuma ya fi albashina na wata.

Da safe na kai shi da uban wurin gasar. Direbobi a mota suke jira, amma yaron ya ce, “Ammi, yau sai ka shigo ka gan ni.” Na shiga, na zauna can baya, ina ta washe baki ganin yadda wandon ya kwanta luf. Ya hau dakalin tashi, ya sunkuya, aka busa, ya yi tsalle, sai wandon ya ɓare ta baya tun daga ƙugu. Haka ya yi ta ja, ruwa na cika shi kamar buhu. Shi ne na ƙarshe. Sauran suka fito, shi ya maƙale a gefe, ruwa iya wuya, har koci ya kawo tawul. Wayoyi kuwa duk a sama.

Muka shiga mota, muka hau babban titi. Sai na ji muryar yaron daga baya.

“Ammi, da na ciro wandon ƙamshin turare na ji. Ka taɓa shi?”

Da zan iya ƙarya. Na ce, “Na wanke maka, na goge.”

Uban ya juyo. “Ka goge? Wa ya sa ka?”

“Ranka ya daɗe, naka da nake gogewa shekara tara, kullum sai ka sa ni?”

Bai yi faɗa ba. “Halas,” kawai ya ce, wato shi ke nan.

Iƙamata saura wata biyu, bai sabunta ba. Tikitin komawa gida ya miƙo min. Ni kuma yara huɗu a makaranta, in koma in ba su me? Na sulale unguwar Gubaira, na shiga dakon taya a wani gareji, ba takarda. Bayan shekara biyu tsohuwata ta rasu. A waya na ji an kai ta. Shi ma yaron, na ji bai sake shiga gasa ba. Ban taɓa jin haushinsa ba, ni na kunyata shi.

Abin da na koya ɗaya ne, kuma ba daɗi. In kana cin abinci a gidan mutane, abin da ba a miƙo maka ba kada ka gyara shi, komai iyawarka, komai son da kake wa mai shi. Ka tambaya. In ka ga ba za a amsa maka ba, ka bar musu kayansu a yamutse.