Barkonon da na niƙa a bayan jatan lande

Shekarun baya kaɗan, 'yata ta fari ta dawo gida Maamobi daga makaranta a Kumasi, ta zauna a bakin gadona ta ce, "Mma, na daina cin nama." Na ce to, ai akwai kifi. Ta ce har kifi. Ƙwai da nono tana ci, amma duk abin da sai an kashe shi kafin a ci, ta bar shi. Aikin makaranta ne ya kai su mahauta na wasu makonni, ta ga abin da ta gani.

"Ban ce haram ba ne, Mma. Zuciyata ce ta ƙi."

Ku da kuka san ni kun san abin da nake sayarwa: busasshen kifi, jatan lande, barkono, daddawa. Da tire ɗaya na fara a ka, yau buhu-buhu nake saukewa a kasuwar Tudu. Wato Allah ya ɗauki yarinyar da ba ta cin kifi ya ajiye ta a gidan mai kifi.

Ban yi mata faɗa ba, dabara na yi. Na ga ƙashin wuyanta ya fara fitowa, sai na riƙa ɗiban mata miyar ayoyo daban ina barbaɗa garin kifi cokali ɗaya. A ganina taimako ne. Wata rana ta shigo ɗaukar ashana ta same ni da cokalin a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Tun yaushe?" Na faɗa mata. Washegari ta sayo ƙaramin gas da tukunya, ta fara girki a ƙofar ɗakinta.

Gidanmu gidan haya ne, tsakar gida ɗaya, kowa yana ganin tukunyar kowa. Maƙwabciyata mai sayar da waakye, shinkafa da waken nan da ake dafawa tare, ta leƙo ta ce, "Hajiya, sabon gidan abinci aka buɗe mana? Ƙarfe nawa ake fara sayarwa?" Na yi dariya tare da ita, amma abin ya zauna min a ƙirji. Wata huɗu yarinyar nan tana gaishe ni, tana min wanki, tana raka ni asibiti, amma ko loma ɗaya ba ta ci daga hannuna ba.

Sai aka ba ta aiki a Tamale, Asabar za ta tafi. Na san halinta, don halina ne. In ta bar gidan nan ba ta ci abincina ba, haka za mu zauna har tsufana, ta zo min da tukunyarta a jaka kamar baƙuwa. Ranar Litinin na kira ta. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata.

"Uwata, Juma'a zan dafa miki waakye da shito. Ki ci kafin ki tafi."

Ta kalle ni ta ce, "In kin ce min babu komai a ciki, zan ci. Ba zan bincika ba."

Da ta ce za ta bincika da ya fi min sauƙi.

A kwanakin nan huɗu na gane cewa ban taɓa duba abincinmu da kyau ba. Na ɗauko dunƙulen ɗanɗano, na sa gilashina ina bin ƙananan rubutun da ke bayan takardar da yatsa. Wanda ke da hoton albasa da ganye ma, a can ƙasa akwai kitsen kaza. Na ajiye. Man da ke cikin galan ɗina na taɓa soya kifi da shi na tace na mayar. Na ajiye. Yajin da nake saya wurin mai tsire, dunƙule ake dakawa a ciki. Muciyata da ludayin itace, da na kai hanci, ƙarnin momoni ne, ruɓaɓɓen kifin nan da ke narkewa a miya ba ka ganin ko ƙayarsa. Har daddawar da nake sayarwa sai da na tsaya, don na san wasu masu yi suna cuɗa ta da garin kifi. Na zaɓi mai ƙwaya, wadda nake gani da idona.

Maƙwabciyata ta ga ina ta fama ta ce, "Ke kina son wahala. Zo in ɗiba miki miya ta sama-sama, wallahi ko tsoka ɗaya ba za ta gani ba."

"Gandar da ke ƙasan tukunyar tun asuba fa?"

"Ganda kuma nama ce? Fata ce fa, Hajiya. Takalmi ake yi da ita."

Na sayo sabuwar tukunya da sabon ludayi da sabon mai. Shito kuwa, soyayyen barkonon nan baƙi, wanda kowa ya san ransa kifi ne da jatan lande, na zauna na yi tunaninsa kamar sabon ciniki. Na soya albasa a hankali har ta yi duhu, na sa citta, tafarnuwa, tumatir, daddawa, sannan barkono. Ya yi baƙi, ya yi mai a sama. Na ji daɗin kaina ƙwarai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shimfiɗa tabarma a ɗaki. Waakye ya yi ja da karan dafi, ga taliya, ga garin rogo, ga dafaffen ƙwai. Na zuba miya da shito a kwanuka daban. Ta tafi wanke hannu, ni kuma na ɗaga kwanon shito na kai hanci, don kawai in ƙara jin daɗi.

A can ƙasan ƙamshin albasa akwai wani abu. Ɗan kaɗan ne, mai zaƙi-zaƙi, irin na bakin teku. Shekara talatin ina shinshinar buhu kafin in saya, hancina ba ya min ƙarya.

Nan take na tuna safiyar Alhamis a wurin niƙaniƙa. Na kai jatan landen shago a niƙa, na haɗa da barkonon girkin nan a leda daban. Tun ina yarinya a sana'ar nan na koyi abu ɗaya: kifi ko jatan lande ake fara zubawa, barkono ya biyo baya, don ya kwaso duk abin da ya maƙale a injin. Ba na barin kayana su tafi cikin niƙan wata. Mai injin ma ya tambaye ni, "Hajiya, a wanke?" Ni da bakina na ce, "A wanke me? Zuba barkono ya kwaso min kayana." Ban ma ji kaina ba lokacin da na faɗa. Kuma da barkonon nan na yi miyar, da shi na yi shiton.

Ta shigo tana goge hannu a zani, ta zauna, ta yi bisimilla. Zuciyata tana ta lissafa min hujjoji. Bai kai cokali ba. Ba da gangan na yi ba. Ba ta da hancina, har abada ba za ta sani ba. In na yi magana kuma za ta ce na sake yi mata, ta tashi, gobe mota ta tafi da ita. Hannunta ya kai kan cokalin shito.

Na riƙe wuyan hannun.

"Uwata, dakata. Akwai jatan lande a ciki."

Na faɗa mata komai, har da abin da na ce wa mai injin. Ta saurara har na gama. Ta rufe kwanon shito, ta rufe na miya, ta tashi ta fita. Na bi labule da kallo, na ce a raina shi ke nan, na yi asarar da ba a mayarwa.

Sai ga ta da asanka, kaskon markaɗe na ƙasa, nata na kanta, da ɗanyen barkono da tumatir da albasa. Ta dire a gabana.

"Waakye ɗin kansa fa?"

"Shinkafa, wake, karan dafi, kanwa, gishiri. Sabuwar tukunya."

"To markaɗa min. Hannunki ya fi nawa laushi."

Na markaɗa, na zuba mata. Ta ci, ta ƙara, ta ce gishiri ya ɗan yi yawa. Ban taɓa jin daɗin a kushe girkina ba sai ranar. Shiton kuwa maƙwabciyata ta kwashe, ta ɗanɗana ta ce, "Ai kuwa da sauransa. Kifi ya yi kaɗan."

Yanzu in matasa masu irin ra'ayin 'yata suka tsaya a shagona, ina gaya musu kada su tsaya kan tambayar ko akwai nama. Su tambayi me aka dafa a cikin miyar kafin a tsame, wane mai aka yi amfani da shi, wane dunƙule aka jefa, kuma a wane inji aka niƙa barkonon. Su tambayi mai girkin cikin ladabi, don yawancinmu ba ƙarya muke yi ba, hannunmu ne ya saba.

Kayan shago har yau barkono yana bin bayan jatan lande, ban canza ba. Amma akwai ƙaramin turmi a ƙarƙashin gadona wanda bai taɓa ganin kifi ba. In ta zo hutu a ciki nake daka mata. Tana zama ta ci, ba ta taɓa tambayata me ke ciki ba. Shi ya sa har yanzu, kafin in ajiye mata kwano, sai na kai shi hanci sau biyu.